Buhun Takalman Baba Sale

Duk wanda ya taɓa zaman shawara da Baba Sale a zauren gidanmu na Jakara ya sani: kana tuɓe takalmi ka shiga, to ka yi ban kwana da shi. Tattara su yake ya zuba a buhu, ya ɗaure, ya hau kai ya zauna. Mu da sana'armu ɗinkin takalmin fata, amma mu ne marasa takalmi!

Mu uku ya danƙa wa sana'ar: babban ɗansa Yaya Habu yana kula da maɗinka, 'yarsa Hajiya Rabi tana kasuwa, sai ni ɗan ƙanensa mai sayo fata. Kuma wallahi bakinmu bai taɓa zuwa ɗaya ba. Habu sabon inji yake so, Rabi talla a intanet, ni kuwa na kafe sai mun tara fata kafin damina. Tsoron Baba ɗaya ne, kada ranar da ya kau mu yayyaga sana'ar gida uku.

"Wanne ne na farko?" in ji shi. "Ku faɗa da baki ɗaya, ku ɗauki takalmanku."

Rannan Habu ya fusata ya fice haka nan, ga rana ta take tsaka. Ko kwanar masallaci bai kai ba ya dawo yana tsalle-tsalle. Baba ko ɗago kai bai yi ba. "Sannu da zuwa, Habu. Ƙasar ma ba ta goyi bayanka ba?"

Da muka gaji sai muka haɗa masa dabara. "Baba, mun daidaita!"

"Masha Allah! Kowa ya zo ya raɗa min a kunne."

Habu ya ce inji, Rabi ta ce intanet, ni na ce fata. Ya gyara zama a kan buhu, ya sa aka kawo masa fura, shi kaɗai.

Rabi ta taɓa kawo wani masanin kasuwanci da kwamfutarsa, ya jero mana manufofi goma sha biyu.

"Malam, duk na farko ne?" in ji Baba.

"Ƙwarai, Alhaji."

"To takalminka ma ya shiga buhu."

Sai la'asar bawan Allah ya samu ya fita.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, bayan sadakar arba'in muka zauna, babu shi. Kafin minti goma murya ta tashi. Rabi ta miƙe a fusace. "Kowa ya kama gabansa kawai!" Na san da gaske take. Ta je bakin ƙofa ta duba, ta sake dubawa. Babu takalmi.

Muka waiwaya. Habu ne zaune a kan buhun, hawaye na bin gemunsa.

"Wanne ne na farko?" in ji shi.

Rabi ta dawo ta zauna. Can ta ce, "Fata. Damina ta kusa."

"Fata," in ji Habu, yana kwance bakin buhu.

Allah ya jiƙan Baba Sale, ya haskaka kabarinsa, ya bar mu a haɗe kamar yadda ya so.