Matar Kan Murhu

Ranar da muka je duba flat ɗin a unguwar Camberwell, can ƙasar Turawa, ni ban ma lura da ita ba. Manyan tagogi na gani, da kusancinsa da asibitin da nake aiki. Sai bayan mun tare, ina share ƙura a falo, muka yi ido huɗu. Fuskar mace ce aka sassaƙa da farin dutse a goshin tsohon murhun ɗumama ɗaki, ba ta wuce tafin hannuna biyu ba. Gashi a tufke, idanu a buɗe babu ƙwaya a ciki, leɓe kamar za ta yi magana ta fasa. Na rataya mata kalanda, na manta da ita shekara huɗu.

Inna ce ta tono ta. Mun ɗauko mahaifiyar tawa daga Katsina bayan ƙodarta ta gaza, ciwon suga kuma ya cinye mata gani, sai dishi-dishi. Likitoci ba su ɓoye mana ba, sun ce sai dai a lallaɓa. Ɗakunan kwananmu a ƙasa suke, sai an bi matakala, don haka a falo muka kafa mata gado. Tana laluben bango don ta san ɗakin, hannunta ya ture kalandar.

"Ke, wace ce wannan?" Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Ado ne kawai, Inna. Dutse ne."

"Dutse da hanci da baki? Mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da gunki. Na san abin da nake jira a ƙasar nan. So kike ranar ta zo babu mai shigo min sai mai ɗaukar rai?"

Ta ja dardumarta zuwa lungun bakin ƙofa, inda muke ajiye takalma, inda sanyi ke kurɗowa ta ƙasa. Nan muka shimfiɗa mata katifa. Wani malami ya ce mana a waya in an rufe fuskar ya wadatar. Inna ta ce, "Wanda ya lulluɓa da bargo ya fita daga ɗaki ne?"

Ni ba a san ni da haƙuri ba. Na ɗauko guduma, maigidana ya riƙe min hannu.

"Gidan nan listed ne," ya ce. "Kika taɓa ta, kotu za su kai ki. Sai an yi apply a council."

Wato gidan yana cikin waɗanda hukuma ta lissafa a kayan tarihi. Naka ne, amma ko taga ba ka sauyawa sai da izini. Na cika fom, na ɗauki hotuna, aka yi zane. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne takardar da suka ce sai na rubuta, in bayyana darajar abin da nake son cirewa. Na zauna a gabanta ina yabonta shafi biyu, uwata tana tari a lungu. Aka ɗaure sanarwa a turken fitilar titi, ko wani maƙwabci yana da ja. Muka shiga jira.

Jami'ar da ta zo dubawa Baturiya ce mai sanyin murya. Ta cire takalmi, ta gaida Inna da ladabi, har na fara sa rai. Tana shiga falo ta durƙusa gaban murhun, ta haska fuskar da 'yar tocila, ta shafa kumatun da ɗan yatsa kamar mai duba jinjiri.

"Ta haura shekara ɗari biyu a nan," ta ce. "Duk wanda aka haifa ko ya mutu a ɗakin nan, a gabanta aka yi. Mu duka baƙinta ne."

Na ce mata mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, na faɗa mata halin da uwata ke ciki. Ta saurara, idonta har ya kawo ruwa, amma hannunta bai bar kumatun nan ba.

Wata biyu da ɗoriya amsa ta iso. Ba a yarda a cire ba. An yarda a rufe da akwatin katako wanda ba zai taɓa fuskar ba, wanda za a iya kwancewa wata rana, kuma dole a huda shi don kada danshi ya ci dutsen. Jami'ar ta ce min a waya dutse ma yana bukatar numfashi. Kafinta ya zo ya yi aikinsa, huji goma sha biyu a jere a ƙasan akwatin.

Lokacin Inna ta rame, sanyin lungun ya kama mata ƙirji. Na durƙusa kusa da ita na yi mata ƙarya.

"An cire ta, Inna. Katako aka sa a gurbin."

Na riƙo ta zuwa falo. Ta ɗora hannu a akwatin, ta shafa sama, ta shafa gefe, ta kai ƙasa. Ta daɗe a wurin.

"To," ta ce. "Allah ya yi miki albarka."

Ta hau gadon. Abu ɗaya ta roƙa, kada a riƙa rufe ƙofar falon, ko wani zai shigo.

Da la'asar iska takan sauko ta bututun hayaƙi ta bi ta hujin nan, ka ji wani siririn sauti kamar mai barci da mura. Ina jin ya fara sai in ƙaro muryar karatun Alƙur'ani a waya, don kada Inna ta ji. Bayan 'yan kwanaki sautin ya ɗauke. Na ji daɗi, ban tambayi kaina dalili ba.

Mako bakwai ta yi a ɗakin. Ta cika wata Talata da hantsi, hannunta a nawa, ƙofa a buɗe. Ina cikin matan da suka yi mata wanka a masallaci. Na ga yadda wata tsohuwa ta murza auduga ta sa mata a hanci, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Bayan sadakar bakwai muka zo fitar da gadon. Na sunkuya ɗaukar carbinta da ya faɗi gindin murhu, sai na ga fari-fari a ƙasan akwatin. Audugar da nake goge mata wurin allura ce. An murza ta ƙanana, an toshe kowane huji, duka goma sha biyun. Ban san yaushe ta yi ba, da wane ƙarfi ta sauko daga gado, sau nawa ta laluba kafin ta gama.

Ashe tun ranar farko ta sani. Ta sa min albarka, ta kwanta mako bakwai a ɗakin da ta yi imani babu mai shigo mata, don kada 'yarta ta ji kunya.

Har yau akwatin yana nan, ban zare audugar ba. Ƙofar falon ma ban iya rufewa.