Gurbin Yatsa a Ƙwauri

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata a ɗakin wankin ƙoda, bayan shekara goma sha tara tana fama da ciwon sukari.

Yaya, mun daɗe muna yi miki dariya. Ana zafi kamar a tuɓe, ke kina aji kina koyar da lissafi cikin rigar sanyi. Ni na laƙaba miki Hajiya Suwaita, har ɗalibanki suka ɗauka. Da jikinki ya yi nauyi, kika riƙa gyangyaɗi kan littattafan ɗalibai da kike dubawa, muka ce sukari ne, ko tsufa. Sai da ƙafafunki suka ƙi shiga takalmi likita ya auna jininki, ya ce sinadarin tayirod, wata 'yar tsoka a gaban wuya, ya yi ƙasa ƙwarai, ƙoda kuma ta riga ta jigata. Ya ce da an duba su tare tun farko.

Ba ki riƙe mu a zuci ba. Sai dai gaisuwarki ta sauya. Duk mai sukarin da ya shigo falonki, kafin ki tambayi gajiya sai kin latsa masa ƙwauri da babban yatsa, kin tsaya kina kallo ko gurbin zai ciko, don in bai ciko ba, alamar kumburi ce irin ta ciwon ƙoda. Haka kika tasa direban makarantarku gaba har asibiti, yana ta mita. Jiya shi ya fi kowa kuka.

Ni ma sukarin gare ni. Bara kika karɓo mini takardar gwaji, kika ce, "Auta, tayirod da ƙoda, duka biyun. Kada ki yi mini wasa."

Na ce miki na yi, lafiya lau. Ƙarya na yi, Yaya. Tsoro ne ya hana ni. Takardar tana nan a aljihun jakata, har ta fara yagewa.

Yau da safe, kafin masu gaisuwa su taru, na zauna a kujerarki na latsa ƙwaurina. Gurbin ya daɗe bai ciko ba. Gobe zan je asibiti, ba wanda zai riƙe mini hannu.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki. Ya bai wa maigidanki da 'ya'yanki haƙuri. Ni kuma ya yafe mini ƙaryar da na yi miki, ya sa ban makara ba. Amin.