Motar Ajimi a Kan Bulo

Duk wanda ya zauna a unguwar Malam Inna ta Gombe a shekarun rikici ya san Baba Wakil, ko bai san sunansa ba ya san motarsa. Farar mota ce ƙarama, a ɗore kan bulo a ƙofar wani gidan haya, lulluɓe da tamfol, tayoyinta ba sa taɓa ƙasa.

Mutumin Bama ne, gajere, marar yawan magana. Tun yana saurayi yake tuƙi. Ya ja babbar mota zuwa kudu, ya yi haya tsakanin Bama da Maiduguri, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa barin wani ya juye masa baƙin mai ba. Da hannunsa yake yi.

Motar ba tasa ba ce. Ta babban ɗansa Ajimi ce, mai shagon magani, dogo kamar dangin uwarsa. 'Yar Kwatano ce, irin wadda ake kira haibirid: tana shan fetur, sannan tana da wani babban batir a bayan kujerar baya, shi ke jan ta idan ana tafiya a hankali. Ranar da suka bar Bama da wannan batir suka fita unguwa, ba ƙara ko kaɗan. Ya Aisa, matar Baba Wakil, takan ce sun wuce masu bindiga a bayan masallaci ba wanda ya waiwayo.

Ajimi ya kawo su Gombe, ya kama musu ɗakuna, ya ce zai koma neman ƙanwarsa Gaji da ke aure a wani ƙauye kusa da Bama. Motar za ta ja ido, don haka ta haya zai shiga. Ya sa makullin a hannun mahaifinsa.

"Baba, ajiya ce. In lokacin sabis ya yi a kai ta kamfani a Kano, can nake kai ta. Ba irin motocinku ba ce."

"Mota dai mota ce," in ji Baba Wakil.

Ajimi ya yi dariya ya tafi. Ya kira daga Maiduguri, ya sake kira daga hanya. Bayan nan wayarsa ta daina shiga.

Maƙwabcinsu Jalo bakanike ne, Bafulatani, garejinsa na Tudun Wada. Tun ranar da ya ji Barebari ne suka tare ya samu abin wasa. Kullum zai wuce sai ya tsaya.

"Bawana, ka tashi lafiya? Ka sato motar mutane ka rasa yadda ake tuƙa ta ko?"

"Kai da ka saba da bin saniya, me ka sani a mota?"

"Wannan kam ban sani ba," Jalo ya ce, ya ɗaga hannu. "Na rantse ban taɓa buɗe irinta ba. Ka bi maganar yaronka, ka kai ta wajen masu ita."

Shi ne ma ya buga wa kamfanin waya. Abin da suka faɗa na sabis kawai ya kai hayar ɗakunan na watanni, ban da man zuwa da dawowa. Ga shingen sojoji a kowace kwana. Tsoho ɗan Bama, da takardun mota masu sunan wani da ba a san inda yake ba, me zai ce musu? Baba Wakil ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Baƙin mai da filta ne. Shi za a kai Kano?"

Ya yi mata abin da tsoffin direbobi ke yi wa motar da maigida ya tafi ya bari. Ya juye mai ya zuba sabo. Ya cire kan ƙaramin batir don kada ya tsotse. Ya ɗaga ta da jak ya ɗora kan bulo saboda taya. Ya toshe bakin salansa da tsumma saboda ɓera. Duk Juma'a yakan yaye tamfol ya wanke ta, ya goge gilashi, ya murza tayoyin da hannu. Bai taɓa tayar da ita ba. A wurinsa ajiya ba a cin amfaninta. Yana so ranar da Ajimi ya dawo ya tarar da lambar tafiyarta inda ya bar ta, ya tarar da kujerar direba a can baya inda ya tura ta saboda dogayen ƙafafunsa. Ko shara zai yi a ciki, ba ya taɓa ƙarfen kujerar nan.

Damina ta wuce, wata ta zo. Bam ya tashi a tasha, ya tashi a kasuwa. Idan aka ji ƙara Ya Aisa takan ci gaba da tsince shinkafarta. Wata rana ta ce, "Malam, ko a ba wani ya riƙa haya da ita? Abinci na ƙarewa."

"In ya zo fa?"

Ta koma kan aikinta. Shi kuma ya fara gadi a wani shagon siminti.

Sai ga wani ɗan garinsu ya zo da labari: a sansanin 'yan gudun hijira na Yola akwai wani Ajimi, dogo, ɗan Bama, an ce ya san magani. Baba Wakil bai yi murna ba, bai yi kuka ba. Ya fita ya yaye tamfol. Ya sauke motar daga bulo, ya zare tsumman, ya mayar da kan batir. Ya ɗauko filo daga ɗaki ya tokare bayansa don ƙafarsa ta kai birki.

Jalo ya zo ya jingina da ƙofa. "Babarbare zai tuƙa mota da filo. Yau garin nan zai ga abu."

Baba Wakil ya taka birki ya danna maɓalli. Fitilun gaban sitiyari suka kama, a tsakiyarsu wata ja. Injin bai motsa ba. Ya sake dannawa. Ya duba mai, ya duba fis, ya goge kan batir da yashi. Jalo ya kawo nasa batir suka haɗa waya, shiru.

"Fito in gani," Jalo ya ce. Ya shiga, ya ji sitiyari ya yi masa nisa, ya sa hannu ƙasa ya ja ƙarfen. Kujerar ta zamo gaba, ƙarat. Baba Wakil yana tsaye yana kallo.

Suka sake kiran Kano. Mutumin kamfanin ya yi tambaya ɗaya: yaushe rabon da ta yi tafiya? Da Jalo ya faɗa masa, sai ya ce babban batir ɗin ne. Irinta ba ta son zama, tafiya ce ke ciyar da shi. Da ana zagayawa da ita ko cikin unguwa ne, da yana nan da ransa. Yanzu sai dai a ɗoro ta a babbar mota su duba, in kuma sabo za a saka, kuɗinsa ya kusa rabin motar.

Jalo ya kashe wayar. Ya buɗe baki kamar zai yi wasa, ya fasa. "Baba, ni ma ban sani ba."

"Na sani," in ji Baba Wakil. "Ajimi ya faɗa min ba irin tamu ba ce."

Motar haya ya shiga zuwa Yola. Ajimin da ya tarar dogo ne, ɗan Bama ne, ya kuma san magani, amma ɗan wasu ne. Suka gaisa, suka tambayi juna mutanen da aka sani. Saurayin ya raka shi har bakin ƙofa yana ba shi haƙuri kamar shi ya yi laifi.

Da ya dawo Ya Aisa ta kalli bayansa, ta ga ba kowa, ta kawo masa ruwa. Ya sha. Ya fita wajen motar ya buɗe ƙofar direba, ya durƙusa ya kama ƙarfen kujerar. Ya tura ta baya, ta shiga rami ta tsaya. Ya dube ta. Ya ƙara turawa, ta sake tsayawa. Ya jawo ta gaba kaɗan. Ramukan duk iri ɗaya ne, ba wata alama.

"Ya Aisa," ya kira, "nan take, ko can?"

Ta zo ta leƙa ta daɗe. "Ban riƙe ba, Malam."

Ya bar ta inda ta tsaya ya rufe ƙofar. Bulon suna nan a gefen katanga, bai sake ɗora ta a kansu ba, tayoyin suka sace a hankali har suka kwanta. Wanki dai bai fasa ba. Har ya bar unguwar, duk Juma'a za ka same shi da bokiti da tsumma, yana goge gilashin.