Cokalin Inna

Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Ƙarar cokali ce a gefen tasar silba. Ba ta kai ƙarar faɗuwar murfin buta ba, amma a gidanmu babu wanda bai san ta ba. Inna ce take kira, mahaifiyar maigidana. Tun da ɓarin jikinta ya shanye muka ɗauko ta daga Sandamu muka dawo da ita wajenmu a Daura, muryarta ta dushe, ba ta wuce labulen ɗakinta. Ko da lafiyarta ma ba ta taɓa kama sunansa ba, ɗan fari ne. Sai ta tsara mana kira da cokalin shan kununta. Bugu ɗaya ni ce. Biyu takwararta ce, 'yarmu mai shekara shida da aka sa wa sunanta. Uku kuwa shi.

Aikin maigida rubuta manhaja ne. Wani kamfani yake yi wa aiki a Legas, masu haɗa wa manyan ma'aikatu manhajar da suke lura da kayan sito da jerin ma'aikatansu. Ya daɗe a can. Da ciwon Inna ya zo ya roƙa aka yarje masa ya riƙa aiki daga gida, sai muka mayar da ɗakin da ke kusa da zaure ofishinsa, aka kafa masa sola a rufi da wata na'urar kama intanet a kan dogon ƙarfe.

Ni 'yar tela ce. Keken ɗinki ɗaya na tashi na ga mahaifina da shi, kuma da shi ya aurar da mu duka. Don haka na daɗe ban fahimci irin wannan sana'a ba, wadda mutum ba ya gama koyonta. Littattafan da ya zo da su daga Legas, masu kauri kamar tubali, wata rana na ga ya tokare taga da guda. Na ce, «Abban yara, littafin ilimi ne fa.» Ya ce, «Da ne. Yanzu ko masu shi sun daina amfani da abin da ke ciki.» Duk da haka na ɗauke shi na kakkaɓe, na sa masa dutse a madadinsa.

Kullum in ya dawo daga sallar asuba ya gama lazimi, sai ya zauna gaban kwamfuta da kofin shayi, yana kallon bidiyon masu koyarwa. Ƙara musu sauri yake yi don ya cinye da yawa kafin taron safe da yake yi da abokan aikinsa ta kwamfuta, har muryoyinsu su koma kamar na tsuntsaye a kan dalbejiya. Wannan watan a ce ga sabon yaren rubuta manhaja, wancan watan a ce an sauya yadda ake gwada ta kafin a miƙa wa masu ita. Daga baya AI ta zo, wadda za ka faɗa mata abin da kake so ta rubuto maka. Na tambaye shi to shi me ya rage masa. Ya ce, «Duba aikinta. Takan yi ƙarya, kuma ba ta ko ƙifta ido.» Ya yi dariya, amma na ga furfurar da ta fara fito masa a gemu, na kuma san waɗanda yake taron safe da su yawancinsu ya girme su da shekara goma sha.

Da damina ta kama sai babban sauyin ya zo. Kamfanin zai kwashe duk manhajojinsa daga injinan da ke ofishinsu ya mayar da su kan wasu manyan injina na haya da ke ƙasashen waje, abin da suke kira girgije. Duk wanda zai ci gaba da aiki daga gida sai ya ci jarrabawar wannan sabon tsari ya kawo satifiket kafin a yi kaka. Wanda bai kawo ba za a mayar da shi Legas, ya zauna gadin tsofaffin injinan har ranar da za a kashe su. Dama biyu aka ba kowa.

Ranar da ya gaya mini, sai na dubi ɗakin Inna. Shi yake ɗaga ta, shi yake juya ta in kafaɗarta ta gaji, shi kaɗai take yarda ya sauke ta a tabarma. Ba za ta iya tafiyar Legas ba, kuma ko za ta iya ba za ta je ba.

Jarrabawar a ɗakinsa ake yin ta, amma da mai gadi. Wani mutum ne daga wata ƙasa yake kallonsa ta kamarar kwamfuta tun daga farko har ƙarshe. Sai da ya zagaya da kamarar ya nuna masa kowane lungu, aka sa shi ya sauke har kalandar lokutan salla da ke bango. Ba a toshe kunne, ba a magana, ba a shigowa, ba a tashi. Ya ce ko bisimillar da ya yi a hankali sai da mutumin ya rubuto masa cewa ya daina motsa baki.

Ranar ta farko na kwashe yara na tura su maƙwabta, na ɗaure akuya a bayan gida, na hana kaina daka. Ina madafa ina tsince shinkafa sai na ji ta. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Kafin in ajiye faranti har ya fito, ya ratsa tsakar gida ba takalmi, yana cewa, «Na'am, Inna.» Matashinta ne ya zame, wuyanta ya karkace. Ya gyara mata, ya koma. Bai fi minti biyu ba. Da ya zauna ya tarar an rufe jarrabawar.

Na same shi a zaune, hannu biyu a kan gwiwa.

Na ce, «Ai ina nan. Da ka bari na je.»

Ya ce, «Wallahi ban san na tashi ba. Ƙafata ce ta tashi.»

«To a gaya mata mana. Awa biyu ce kawai. Inna ai mai fahimta ce.»

Ya ɗago da sauri. «Kada ki soma. In ta san kiranta ne ya jawo wannan, ba za ta sake taɓa cokalin nan ba, ko da ranta ne zai fita. Kin fi ni saninta.»

Gaskiya ya faɗa. Na ce ya je Katsina ko Kano inda ake da ɗakin jarrabawa, ya ce ya duba, sun cika har bayan wa'adi. Na ce gidan abokinsa da ke hanyar Zango, ya ce can intanet ɗaukewa take in iska ta kaɗa, kuma in ta ɗauke daidai yake da tashi. Ɗakin nan dai, ƙarƙashin dogon ƙarfen nan, taku goma sha biyu daga gadon Inna.

Sati uku ya yi yana sake shiri. Ni kuma sati ukun nan na yi su ina juya abu guda a raina, in kore shi ya dawo. Ban yi shawara da kowa ba, don na san abin da za a ce mini.

Ranar ta biyu Asabar ce, bayan azahar. Na dama wa Inna kunun gyaɗa na ba ta da kaina. Da ta ƙoshi na goge mata baki, na ɗauki kwano, na haɗa da cokalin. Na ce, «Bari in wanko, Inna.» Na fita na ajiye kwanon a bakin rariya. Cokalin kuwa na soke shi a ƙugun zanina, na saki riga a kai, na dawo na zauna a bakin gadonta. Takwararta tana ƙasa tana yi wa 'yar tsanarta kitso, don ta ƙi bin sauran yara.

Na ji an rufe ƙofar ofis.

Rabin awa na farko lafiya. Inna tana jan carbi da hannunta mai lafiya, tana tsokanar yarinyar.

«Takwara, wannan kitson naki ko na kaza ya fi shi.»

«Ke ma ai kanki ba gashi, Inna.»

«Ji mini ja'ira. Gashina aka ara aka dasa miki.»

Daga nan sai na ga fuskarta ta sauya. Kafaɗar ce. Ta ajiye carbi, hannunta ya fara lalube a kan katifa, gefen tasa, ƙarƙashin matashi. Ina kallon hannun nan, busasshe, da zoben azurfa da ya yi masa yawa. Har yau in na rufe ido ina ganinsa.

«'Yar nan, ina cokalina?»

«Yana wajen wanki, Inna.»

Tun da aka kawo ni gidan ɗanta ban taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar. Ƙarfen yana taɓa fatar cikina, da sanyi.

Na ce, «Kawo in juya ki.» Na zura hannu ƙarƙashinta kamar yadda nake ganin yana yi, yarinyar tana tura matashi. Ban iya ba. Na ja inda bai kamata in ja ba, Inna ta yi wani nishi ta cije leɓe, hawaye ya gangaro mata ta gefen ido ɗaya. Na yi ta ba ta haƙuri, ina shafa mata man zafi, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Ana cikin haka aka kwaɗa sallama a zaure, wata mai tallan fura, da murya kamar a kasuwa. Na fita da gudu na tare ta, na ja ta waje, na sallame ta da raɗa. Na ɗan jima, don sai da na tsaya na roƙi masu ƙwallo a ƙofar gida su matsa gaba. Da na dawo na tarar Inna ta rufe ido. Ta naɗe carbinta cikin gefen mayafi ta riƙe a ƙirji, tasar kuma an ture ta can ƙarshen gado. Yarinyar ta daina wasa, ta zauna shiru ta kama babban yatsan ƙafar kakarta. Na ɗauka barci ne ya ɗauke ta, na gode wa Allah. Amma goshinta yana ta tsattsafo da gumi.

Haka muka zauna har aka kira la'asar. Ana cikin kiran aka buɗe ƙofar ofis. Maigida ya ɗaga mini kai kawai, na gane ya ci. Ya wuce kai tsaye ya ɗaga Inna ya juya ta, ta sauke wani dogon numfashi. Na fita na ɗauraye cokalin na kawo. Ta karɓa ta jujjuya shi, ta ce, «Ya wanku.»

Bai tafi Legas ba. Wata bakwai Inna ta ƙara a duniya, kuma babu ranar da ba hannunsa ne ya juya ta ba. Da hantsi ta rasu, ranar wata Talata, yana tsakiyar taron safe. Ta buga sau uku, ya fito, kanta yana kan cinyarsa ya yi ta laƙƙana mata kalmar shahada. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Kafin rasuwar na nemi gafararta ba sau ɗaya ba, irin ta kowa da kowa, ta ce ta yafe duniya da lahira. Amma ban taɓa buɗe baki na ce mata ga abin da na yi ba. Shi ma ban gaya masa ba. Nakan ce wa kaina ai don ita na yi, don kada a raba ta da ɗanta. In na yi salla kuma sai in tuna na ƙwace wa tsohuwa mara lafiya muryarta na awa biyu, tana cikin ciwo, ban tambaye ta ba. Satifiket ɗin ma ashe wa'adi gare shi. Kafin a yi arba'in ɗin Inna har kamfanin ya turo musu sunan wani sabon abin da za su koya, na ji tsuntsayen nan sun dawo bayan asuba.

Bayan arba'in na shiga ɗakinta haɗa kayan da za a kai wa 'yan'uwanta Sandamu. Zannuwa, mayafai, buta, tasar silba. Cokalin yana cikin tasar. Na ɗauka, na zauna a bakin gadon da babu katifa ina kuka, ina cewa, «Inna ki yafe mini, ƙarya na yi miki, ba ya wajen wanki.»

Ban san takwararta tana bakin ƙofa ba. Ta shigo ta tsaya a gabana, ta dubi cokalin, ta dube ni.

«Umma, ai ta sani. Ta ga bakinsa ya leƙo ta zaninki. Da kika fita wajen mai fura ta ce in ture mata tasar nesa kada hannunta ya buge ta, Abba yana jarrabawa. Ta ce kuma kada in gaya miki, za ki ji kunya.»