Hujin da Inna Laraba Ta Gano a Ido

Lokacin sussuka a Kamarawa, duk wanda ƙaiƙayi ya faɗa wa a ido wurin Inna Laraba yake zuwa. Takan juya fatar idon da yatsa, ta hure, ta zare shi da bakin tsumma mai laushi. Garin haka ta lura da wani ɗan huji kamar na allura a fatar ido ta ƙasa, daga wajen hanci. Kowa na da shi, har jarirai.

Shekaru tana son sanin amfaninsa. Wata rana ta cika tozali, ta fyace hanci, sai ta ga baƙi-baƙi a majinar. Ta leƙo ta katanga ta kira ni, ta ce, "Hafiza, ashe magudana ta. Ruwan ido ta nan shika gangarawa hanci."

Na yi mata dariya.

Ranar da ɗanta Illo zai tafi kudu neman aiki, ko kallon motar ba ta yi ba, don kunyar ɗan fari. Mata suka yaba, wai ko ɗigon hawaye babu. Ni ina gefenta muna surfe. Har la'asar tana jan hanci, kuma ba mura take yi ba.