Ranar da Kashim Ya Ƙi Cire Kalmar Sirri

Ƙarfe bakwai na safe Kashim Ajimi ke buɗe ɗakin kwamfutoci na wata ƙungiyar agaji a Diffa. Tun da aka hana hawa babur, da keke yake zuwa. Ya duba injin wuta, ya duba reso na intanet, sannan ya sha shayinsa a tsaye. Shekara tara ke nan. Ƙarshen watan nan zai miƙa makulli.

Wata Talata a 2017, ma'aikata suka isa Gueskérou da kamiyo, babbar mota cike da buhunan gero, amma na'urorinsu na hannu suka ƙi karɓar jerin sunayen 'yan gudun hijira. Manhajar da ke kula da dukan na'urorin magana ɗaya take maimaitawa: kalmar sirri ba daidai ba. Kashim ya bi sawu. Ashe injiniyan da ya kafa ta da sunansa da kalmarsa ya sa take shiga. Injiniyan ya bar aiki, aka goge sunansa, ƙofa ta rufe.

Munira, shugabar rabon, ta bugo waya. "Malam Kashim, mutum ɗari takwas na zaune a rana. Ƙarfe uku za a rufe hanya, kamiyo sai ya juya da kayansa."

Haladu, shugaban ofis, ya tsaya a kansa. "Cire kalmar gaba ɗaya mana, gobe ka mayar."

"Shef, jerin nan akwai sunan kowa, da ƙauyen da ya gudo, da rumfar da yake kwana. Ba zan bar shi a buɗe ba ko na awa ɗaya."

"To sa tawa."

"Ran da aka canza maka wuri kuma mu sake shanya mutane?"

Haladu bai yi dariya ba, amma ya ja kujera ya zauna.

Kashim ya buɗe wa manhajar suna nata na kanta. Sau bakwai ya kira babban ofis a Yamai kafin a ba shi izini. Ya sa sabuwar kalma wuri uku, manhajar ba ta tashi ba. Na huɗu yana ɓoye can ciki, sai da ya tono shi ya sa. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin sunaye suka sauka. Uku saura kwata aka miƙa buhun ƙarshe.

Munira ta ce wata tsohuwa, Iya Kaltum, ta riƙe hannunta tana godiya. Munira ta ce mata akwai wani a Diffa da ya fi cancanta. Tsohuwar ta ce, "Shi ya noma geron?"

Ba kai ka noma ba, Kashim. Kai ne mai tsaron ƙofar da ba a gani. Ranar nan Iya Kaltum ta samu geronta, sunanta kuma bai fita ba. Mun gode. Wanda zai karɓi makullin nan, ya karɓa har da wannan taurin kan.