Ampul da 'Yar Ƙwaya

Shekarar da aka karya darajar sefa ita ce shekarar da likita ya ce jijiyoyin jinin matata sun soma tauri. A lokacin muna zaune a unguwar Nkembo, a babban birnin Gabon, ɗaki biyu a bayan shagona na turare da huluna. Magani iri biyu ya rubuta mata. Ɗaya 'yar farar ƙwaya ce ta hawan jini, da kaɗan ta fi ƙwayar dawa. Ɗayan ruwa ne a cikin siririyar kwalba mai tsini biyu, wadda ake ce wa ampul. Ya ce sinadari ne irin wanda jiki ke samu a nama da wake da gyaɗa, yana taimaka wa jijiya ta saki, jini ya wuce a sauƙaƙe.

Faransancina na ciniki ne kawai. Saboda haka na bi kwalayen da alƙalamina na kara, na rubuta musu da ajami: wannan da safe, wannan bayan abinci. In na dawo daga sallar asuba nakan karya wa ampul kai ɗaya, in kifa shi a kofi, ba ya zuba sai an karya ɗayan. Sai in ba ta, in biyo da rubutun da na wanke mata daga allo. Takan sha tana tsokanata, wai shekara talatin ban taɓa miƙa mata ko ruwa ba, sai da ta tsufa.

Kaya suka yi ta hawa, ciniki ya ja baya. Wata rana na je farmasi, wato kantin magani, abin hannuna bai isa duka biyun ba. Matar da ke sayarwa ta yi mini wani bayani da sauri, ban kama ba, kunya kuma ta hana ni cewa ta maimaita. Mu kuwa mun taso da sanin allura ta fi ƙwaya ƙarfi, ga shi kwalbar nan kamar ta allura take. Na ɗauki ampul, na bar ƙwayar. Da wata ya zagayo na ga matata ba ta kuka da komai, sai na maimaita. Ita ma ba ta tambaya ba, ta ɗauka likita ne ya rage.

Ana haka aka soma kamen baƙi, dab da azumi. Katinta na zama a ƙasar ya ƙare, ba mu iya sabuntawa ba. Jandarmomi na tare taksi a hanya, wanda ba shi da takarda sai tashar Owendo, a sa shi a jirgin ruwa a mayar da shi ƙasarsu. Ta daina leƙa ko ƙofar gida. Ranar komawarta asibiti ta zo ta wuce, da ta je kuwa da likita ya gano abin da na yi.

Wata la'asar tana dama kunun buɗa-baki, ludayi ya faɗi daga hannunta na dama. Na ɗago na ga bakinta ya ɗan karkace. Na aika wa babbar 'yarmu, haihuwar Gabon, wadda ke aure a unguwar Awendjé. Ita ta je ta roƙi likitan, Allah Ya saka masa, ya biyo ta har gida.

Ya auna matata, ya ce a kawo magungunan da take sha. Na ɗauko kwalayen ampul na jera masa, har ina jin daɗi ko rana ɗaya ban tsallake ba. Ya jujjuya su, ya yi tambaya, 'yar ta dube ni. Na ce ƙwayar ai ta daɗe da ƙarewa. Ya yi magana mai tsawo, ita kuwa ta sunkuyar da kai, ta ƙi fassarawa sai da na ce mata ta faɗa.

"Baba, ya ce ampul ɗin ɗan rakiya ne. 'Yar ƙwayar ce ke riƙe da jinin."

A motarsa ya ɗauki matata zuwa asibiti, ba wanda ya tare su. Kwana tara ta yi. Baki ya koma daidai, amma hannun bai dawo duka ba.

Ranar da aka sallamo ta na zauna a bakin gado na gaya mata komai, tun daga farmasi. Na nemi ta yafe mini. Ta daɗe tana duban hannun a kan cinyarta.

"Malam, ni ma da ni aka aika, kwalbar zan ɗauko," in ji ta. "Tashi ka ɗaura mini kallabi, maƙwabta za su shigo."

Ban taɓa ɗaura kallabi ba. Na naɗa shi yadda nake naɗa rawani, ya rufe mata kunne ɗaya. Ta ce in kwance, wannan ai limami na mayar da ita. Na kwance na sake, tana nuna mini da hannun hagu inda zan soke bakin. A na uku ta ce ya yi dama-dama, in bar shi haka. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaura mata, har Allah Ya karɓi abinSa, Ya jiƙanta da rahama.